Babi Na Huɗu Da Manhajojin Da Ba Sa Neman Dala



Duk gidan da ke da ɗa ko 'ya a ajin ƙarshe na jami'a ya san abin da ake kira babi na huɗu, ko da mai gidan bai taɓa zama a aji ba. Ta aljihu ya san shi. An biya kuɗin rajista, an biya na ɗaki a Angwan Lambu, an biya na buga takardun tambayoyi, sai kuma waya ta shigo: Baba, saura na analisis. A nemo a tura. Ba a cika tambayar mene ne shi ba, tunda an ɗauka wani abu ne da hukumar makaranta ta ɗora.

Ba hukuma ce ta ɗora ba. Kundin binciken da ɗalibi ke rubutawa kafin ya kammala yakan zama babi biyar, kuma na huɗun shi ne inda ake lissafa bayanan da ya tattaro, a fitar da abin da suka nuna. Wato nan ne zuciyar aikin. Abin da muke gani kuwa, a Keffi da duk wani gari mai jami'a a ƙasar nan, shi ne yaro ya kwashi takardunsa ya kai wa wani mai kwamfuta a shago, bayan kwana biyu ya karɓo jadawalai cike da lambobi, ya manna su a kundi. Ranar kare aiki malami ya nuna lamba ɗaya, ya ce me 0.05 ɗin nan ke nufi, sai ɗaki ya yi tsit. Alhali amsar ba ta fi ƙarfin kowa ba. Mizani ne da ake auna cewa, da babu wata alaƙa tsakanin abubuwa biyun da ake bincike, da wuya ko da sauƙi a samu irin wannan sakamako bisa dace kawai. Yaron da ya yi lissafin da hannunsa zai faɗi haka ko cikin barci aka tashe shi.

Ba masu shagunan muke zargi ba. Ƙannenmu ne, sana'a suka samu, kuma wasunsu sun fi masu kawo musu aikin fahimtar ƙididdiga nesa ba kusa ba. Abin da ke damunmu shi ne garin da aka san shi da makaranta tun kafa Kwalejin Gwamnati a 1949, wadda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu a cikinta, garin da ke da Jami'ar Jihar Nasarawa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, a ce 'ya'yansa suna sayen ɓangaren da shi ne ainihin abin da aka tura su koyo.

In ka tambayi ɗalibi dalili, amsar farko ita ce ba shi da manhajar. Kuma da gaskiyarsa. SPSS, wadda aka fi sani a wajenmu, mallakar kamfanin IBM ce tun 2009, kuma lasisinta da dala ake biya, wata-wata ko shekara-shekara. Haka Stata, haka MATLAB ta masu injiniyanci da lissafi, haka ArcGIS ta masu zana taswira. Tun da aka saki naira a 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, wannan kuɗi ya fi ƙarfin malami ma, balle ɗalibin da ke lissafin garin kwaki. Shi ya sa yawancin abin da ke yawo a filash tsakanin ɗalibai fasassun kwafe ne, waɗanda wani da ba a sani ba ya balle musu makulli. Sukan zo da cutar kwamfuta, sukan ƙi buɗewa ana saura kwana uku a miƙa aiki, kuma ba ka da wanda za ka kai wa ƙara. Ga kuma batun haƙƙi, wanda ba mu cika son tuna shi ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa. Mutum ya fara neman ilmi da kayan da ransa bai kwanta da su ba, ai da sake.

To, akwai wani rukunin manhajoji da masu su suka sake su don kowa ya ɗauka. Ana ce musu buɗaɗɗun manhajoji. Buɗaɗɗu, domin ba amfani da su kaɗai aka halatta ba: asalin rubutun da aka ƙera su da shi ma a fili yake, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya kwafa, ya ba wani, ya kuma raba gyaran da ya yi. Richard Stallman ne ya fara wannan fafutuka a Amurka a 1983 da shirin GNU, sannan a 1991 wani ɗalibi ɗan Finlan, Linus Torvalds, ya fitar da Linux. Duk mai riƙe da wayar Android, a kan Linux ɗin nan wayarsa ke tafiya, ko ya sani ko bai sani ba.

Mu wannan tsari ba baƙo ba ne a wajenmu in muka duba da kyau. Haka littattafai suka yi ta yawo a zaurukan malamanmu tun kafin zuwan injin ɗab'i. Almajiri ya ari littafi ya kwafe shi da hannunsa, ya rubuta sunan mawallafi, ya ƙara bayanin malaminsa a gefen shafi, wani lokaci da ajami, na bayansa ya zo ya kwafa har da bayanin, in ya ga kuskuren alƙalami ya gyara. Ba wanda ya ce an yi masa sata, domin don haka aka rubuta. Littafin da ya fi yawan hannayen da suka bi ta kansa shi ya fi inganci. Buɗaɗɗiyar manhaja haka take, sai dai zauren nata ya game duniya.

Babbar cikinsu a fannin ƙididdiga ita ce R. Malamai biyu ne a Jami'ar Auckland da ke Niyuzilan, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka fara ta a farkon shekarun 1990 don koyar da ɗalibansu, aka fitar da cikakken bugu na farko a shekarar 2000. Yau dubban masana sun ƙara mata kayan aiki, daga na masu binciken cututtuka har na masu gwajin iri a gona. Duk abin da SPSS ke yi wa ɗalibin digirin farko, R na yi. Nauyin sauke ta bai kai na fim ɗaya ba, kuma da zarar ta hau kwamfuta ba ta neman intanet don yin lissafi. Wanda ke tsoron rubuta umarni, akwai jamovi da JASP, waɗanda a kan R aka gina su amma da dannawa ake aiki da su kamar yadda aka saba, suna kuma buɗe fayil ɗin SPSS kai tsaye. Python, wadda Guido van Rossum ya fitar a 1991, da kayanta aka yi aiki wajen haɗa hoton baƙin ramin samaniya na farko da duniya ta gani a Afrilun 2019. Mai taswira yana da QGIS. Mai fama da jera sunayen littattafan da ya duba yana da Zotero. Mai neman madadin MATLAB yana da Octave. Ba jerin sunayen ne ya dame mu ba, wannan kowa zai iya nema a wayarsa.

Abin da muke so iyaye da yayye su gane shi ne, rashin biyan kuɗi ƙaramin amfani ne a cikin lamarin. Babban shi ne aikin ya zama na yaron, kuma ya zama abin da wani zai iya bin sawunsa.

Mu ɗauki yadda ake aiki da R. Ɗalibi yana rubuta umarni ne layi-layi: ɗauko bayanan nan, cire waɗanda ba su cika fom ba, raba maza da mata, gwada wannan da wancan, zana hoton sakamako. Layukan nan suna nan ajiye a fayil guda, kamar littafin ɗan kasuwa da ke nuna shige da ficen kowane kwabo. Idan malamin da ke duba aikin ya ce a ƙaro mutum hamsin, ko a cire wata unguwa, ba sai an koma shago an sake biya ba. A gyara layi ɗaya, a danna, cikin minti guda komai ya sake fitowa. Idan kuma wani ya yi shakkar sakamakon bayan shekara biyar, a miƙa masa fayil ɗin da bayanan, ya bi da kansa. Jadawalin da aka karɓo daga shago ba shi da wannan. Ba ka san wa aka cire ba, ba ka san wane gwaji aka zaɓa ba, ba ka san ko da lambobin suka ƙi bayar da abin da ake so an ɗan taɓa su don su fito ba. Kuma kowa ya san ana taɓawa.

Kada a ɗauka ƙananan ɗalibai kaɗai ke buƙatar a bi sawun lissafinsu. A 2010 wasu manyan masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, suka wallafa binciken da ya ce idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara, bunƙasarta na durƙushewa. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka yi ta kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. Daga baya wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts, Thomas Herndon, aka ba shi aikin aji na maimaita lissafin. Ya yi, ya yi, ya ƙi fitowa. Da ya roƙi masu binciken suka turo masa ainihin fayil ɗinsu na Excel a 2013, sai ya ga wajen haɗa jimla an tsallake ƙasashe biyar, ban da wasu matsalolin na yadda aka auna bayanan. Da aka gyara, durƙushewar da ake ta faɗa ta koma bunƙasa ta kusan kashi 2 cikin 100. Shekara uku ana yanke hukunci kan rayuwar miliyoyin mutane, kuskuren na kwance a inda ba wanda ya leƙa. Ɗalibin da ya gano shi ba wani abu ya fi namu da shi ba, illa an koya masa ya yi da hannunsa, an kuma ba shi damar gani.

Wani zai ce wannan duk zancen Turawa ne. To mu dawo gida. Alƙaluman da ƙananan asibitocinmu na unguwanni ke tarawa duk wata, na haihuwa, na rigakafi, na zazzaɓin cizon sauro, idan sun isa ofishin lafiya na ƙaramar hukuma a cikin DHIS2 ake shigar da su, daga nan su wuce Lafiya, su wuce Abuja. DHIS2 buɗaɗɗiyar manhaja ce da Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ke jagoranta, ƙasashe da dama na Afirka da Asiya na aiki da ita. A yaƙin da aka yi da cutar shan-inna a Arewa, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a Agustan 2020, ma'aikata sun riƙa cike fom a wayoyinsu da ODK, ita ma buɗaɗɗiya.

Wanda ya fi burge mu shi ne labarin SORMAS. Bayan cutar Ebola ta shigo Legas a Yulin 2014 aka kuma shawo kanta a Oktoban shekarar, masana lafiyar Najeriya da takwarorinsu na cibiyar Helmholtz ta Jamus suka zauna suka ƙera manhajar bin diddigin annoba bisa darasin da aka koya a nan. Aka buɗe ta ga kowa, hukumar NCDC ta yi aiki da ita a ɓarkewar ƙyandar biri ta 2017. Da korona ta zo a 2020, ofisoshin lafiya a Jamus kanta suka ɗauki SORMAS suna aiki da ita. Abin da aka gina kan wahalarmu ya je ya yi wa masu kuɗi amfani, kuma hakan ya yiwu ne saboda ba a kulle shi ba.

Wannan na da alaƙa da neman aiki kai tsaye. Tsakaninmu da Abuja tafiyar kilomita hamsin ce da 'yan kai. Hukumomi da ƙungiyoyin da ke can, masu aikin lafiya, noma da agaji, suna neman wanda ya iya tsara fom a KoboToolbox, ya tsabtace bayanai, ya fitar da taswira. Ba sa tambayar wane shago ya yi maka babi na huɗu. Kwamfuta suke turo maka, su ce bismilla.

Amma ko ba don aikin Abuja ba, garin nan da kansa yana cike da tambayoyin da ba wanda zai zo daga waje ya amsa mana. Rijiyoyi da burtsatse nawa ne a Tudun Kofa, Gangaren Tudu, Liman Abaji da Sabon Gari, nawa ke aiki, nawa ne ke kusa da masai? Ɗalibai goma da wayoyinsu za su iya zagaye unguwa a mako guda, domin fom ɗin Kobo ba ya buƙatar sabis lokacin cikewa, yana kuma ɗaukar ainihin wurin da aka tsaya. A zuba a QGIS, taswira ta fito, a kai wa mai unguwa da kansila abin da ido zai gani. Gonaki nawa gine-gine suka cinye a kan hanyar Abuja da ta Akwanga cikin shekara ashirin? Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat kyauta ne tun 2008, na Sentinel-2 ma kyauta ne, kuma sun isa su nuna. Ina ne ruwa ke taruwa a bakin rafin Antau idan damina ta yi ƙarfi, gidaje nawa ke kan hanyarsa?

Sai batun ma'adinai. Jiharmu da su take kirari, yanzu kuma ga litiyam ya jawo mutane daga ko'ina. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 kafin a farga. Gwada ruwan rijiyar da ke kusa da wurin haƙa aikin ɗakin gwaji ne, wannan manhaja ba ta yi. Amma bayan gwajin, wanda zai jera sakamakon rijiya hamsin, ya nuna ko nisa daga ramin na da alaƙa da yawan gubar, ya kuma tsaya gaban jami'i ko mai kamfani ya kare kowace lamba, dole ya zama shi ya yi lissafin. Lambar da aka sayo ba ta jure tambaya ta biyu.

Ba za mu ɓoye wahalar ba. R na da ɗaci a makonnin farko. Waƙafi ɗaya ya ɓace, ta ƙi motsi, ta kuma yi maka bayanin laifinka da Turancin da ba ka gane ba. Da yawa a nan suke ajiyewa. QGIS na da nauyi, tsohuwar laftof takan yi nishi da ita, sauke ta kuma na cin data. Wuta ba ta tsayawa. Akwai kuma malaman da idonsu ya saba da fasalin jadawalin SPSS, duk abin da ya zo da wata kama sai su yi masa kallon shakka. A nan shawararmu ga ɗalibi ita ce ya je da ladabi tun kafin ya fara, ya nuna wa malaminsa gwaji ɗaya da aka yi a manhajojin biyu, lambobin iri ɗaya za su fito. Kuma manhaja, ta kuɗi ko ta kyauta, ba ta maye gurbin fahimta. Wanda bai san wane gwaji ya dace da tambayarsa ba zai samu amsar banza cikin sauri ne kawai.

Sai dai wahalar nan ta fi sauƙi yanzu fiye da shekaru goma baya, domin 'yan Arewa sun shiga fagen. Arewa Data Science Academy na koyar da Python da sarrafa bayanai kyauta ta intanet. Masu binciken HausaNLP suna tattara rubutun Hausa suna sakinsa a fili don a koya wa kwamfuta harshenmu, da ƙ da ɗ da ɓ ɗinsa. Yaron Keffi da ya iya abin nan ba zai rasa abokan tafiya da ke jin yarensa ba.

A matsayinmu na ƙungiya, abin da muke ganin za mu iya bai kai tsadar walimar da muke yi duk shekara ba. Aji ɗaya a lokacin dogon hutu, wurin da ke da sola ko janareta, da 'yan uwa biyu ko uku cikinmu da ke aiki da waɗannan manhajoji a wuraren aikinsu, su sadaukar da Asabar shida. Mutum ɗaya ya sauke R da jamovi da QGIS da Zotero inda intanet ke da ƙarfi, a zuba a filash, a yi ta kwafa wa juna, tunda lasisinsu ya yarda da haka ƙarara. A fara da 'yan aji uku, waɗanda kundi bai riga ya hau kansu ba. A tabbatar 'yan mata sun samu rabin kujerun, a kuma sa lokacin da iyaye za su yarda su fito. Masu shagunan kwamfuta ma a gayyace su, don wanda ya iya koyar da mutum goma ya yi da kansu zai samu abin da ya fi na buga wa mutum ɗaya jadawali, kuma ya huta da fasasshen kwafi.

Kada a koyar da misalan da ke cikin littattafan waje. Asabar ta farko a raba yara unguwa-unguwa su ƙirgo burtsatse. Ta biyu su shigar da abin da suka samo, su ga yadda mutum uku za su rubuta sunan unguwa ɗaya ta hanya uku, su koyi gyarawa. Zuwa ta shida kowane rukuni ya fito da taswira ɗaya da jadawali ɗaya, ya tsaya gaban iyaye ya yi bayaninsu da Hausa.

Iyaye kuma, idan waya ta shigo ana neman na analisis, kafin a tura a tambayi yaro abu biyu: wace tambaya bincikenka ke son amsawa, kuma wa zai yi lissafin? Wanda ke da tsohuwar laftof a ajiye da ba ya amfani da ita, ko batirinta ya mutu, ya sanar da shugabannin ƙungiya. In dai tana kamawa da wuta a jiki, za ta ɗauki R.